Makiyayin da Ke Jira a Taswirar Bunyaminu

A Lolo, idan ka nemi gidan Malam Bunyaminu, wani zai ce maka malamin gona, wani ya rage murya ya ce mai wuri. Duk mutum ɗaya ne. Sunan farko aiki ya ba shi. Na biyun ya samo shi ne daga farin wurin nan da kakanninmu suka yi ciniki da shi, kuma ba a faɗinsa a gabansa.

A Kurgu aka haife shi. Ya yi karatun aikin gona, aka tura shi fadamun Kaoje, ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana bin manoman shinkafa da sandar awo da ɗan littafi a aljihu. Idan manomi ya ce masa ruwa ya yi yawa bana, ba ya karɓa. Sai ya ce, ya kai ina, gwiwa ko ƙugu? Ya kwana nawa kafin ya janye? Ya zauna Lolo ne saboda matarsa Shafa'atu 'yar nan ce. Ta rasu shekarun baya. 'Yarsu ɗaya, Mashkura, tana aure a Birnin Kebbi. Ƙofar gidana tana kallon tasa, shi ya sa na san ɗan abin da na sani.

Wasan ya zo masa ne ta hannun wani ɗan bautar ƙasa daga kudu da aka haɗa su ofis ɗaya. Da yaron ya gama shekararsa zai tafi, ya bar masa wani littafi na fotokwafi, mai kauri, bangonsa ya yage har ba a san sunansa ba, da wata taswira, da 'yan ƙwayoyin jifa irin ta ludo, sai dai waɗannan wata fuskarta takwas, wata goma, babbar ashirin. Yadda ake yi ba wuya. Mutum ɗaya ne ke riƙe da ƙasar da ke cikin littafin, shi ke faɗin abin da ake gani da abin da ya faru. Sauran kowa ya ɗauki mutum ɗaya ya zama shi, ya faɗi abin da zai yi. Idan abin mai hatsari ne, a jefa ƙwaya, ita za ta ce an dace ko ba a dace ba. Ba allo na lantarki, ba waya. Baki ne da takarda.

Ƙasar littafin babu ita a duniya. Ƙasar sanyi ce, ta Turawan da, masu takobi da dawaki. Akwai matsafa a cikinta, akwai dodanni, amma sai a yi shekara ba a ga ko ɗaya ba, kuma wanda ya ce ya gani ba kowa ke yarda da shi ba. Abin da ya kama zuciyar Bunyaminu ba su ba ne. Littafin ya faɗi abin da talakan ƙasar ke ci idan rumbu ya yi ƙasa. Ya faɗi kwana nawa jaki ke yi daga wannan gari zuwa wancan, da watan da kogi ba ya ƙetaruwa, da yadda ƙaramin rauni ke ruɓewa ya kashe ƙato. Ya taɓa ce mini, "Baba, wanda ya rubuta wanga littafi ya taɓa rasa amfanin gona. Ba a ƙirƙira wanga sani." Sunayen garuruwan sun yi wa harshensa nauyi, sai ya raɗa masu namu: Tungar Gishiri, Birnin Hazo, Mashigin Kura. Ya san kowace rijiya a cikinsu. Ya san wane maƙeri ne ke ha'inci.

Su huɗu suka zama. Akwai Abbas tela, mai shago a bakin kasuwa. Akwai Sufyan, malamin firamare. Sai Gidaɗo, Bafillace, mai yi wa dabbobi allura, wanda rugar mahaifinsa take can ƙetaren iyaka, ɓangaren ƙasar Benin, shi kuma yana zaune a nan. Kowace ranar kasuwa, bayan la'asar, idan ciniki ya lafa, sai su shige bayan shagon Abbas su shimfiɗa taswira a kan teburin yanka yadi. Suna bukatar abin da za su ɗora a kai don a san inda kowa yake. Shafa'atu tana da wani tsohon ƙoƙo da ta gada, cike da wuri. Ta ba su uku. Ba wanda ya yi tunanin komai a lokacin.

Sun yi shekara goma sha huɗu a haka.

Abbas ne mai ƙorafi. Shi yaƙi yake so. Mutuminsa na farko jarumi ne mai sulke, ya yi wata uku yana neman dodo, a ƙarshe jaki ya harbe shi a ƙirji a bakin wata rijiya, jifa ta ƙi, ya mutu a kwana na biyar. Abbas ya yi sati biyu ba ya gaishe da Bunyaminu.

"Wace irin ƙasa ce wagga," in ji shi da ya huce, "da jarumi zai mutu a ƙafar jaki?"

"Irin tamu," in ji Bunyaminu. "Kai ka tsaya bayansa."

Gidaɗo kuwa bai taɓa neman takobi ba. Mutuminsa makiyayi ne, sunansa Ja'e, da shanu bakwai. Sauran suna dariya, wai an ba Bafillace duniya sabuwa ya zaɓi abin da yake so ya zama, ya sake zaɓar bin saniya. Shi dai bai kula ba. Shi da Bunyaminu sukan ɓata rabin zama suna gardama a kan ciyawar wani kwari da babu shi, ko tana sa nono ko ba ta sa. A nan na lura Bunyaminu ya fi sakin fuska. Ya samu wanda ya ɗauki ƙasar da gaske kamar yadda ya ɗauke ta.

Doka ɗaya suke da ita da ba a taɓawa. Ba a motsa mutumin wanda ba ya nan, ba a yi masa magana, ba a jefa masa ƙwaya. Idan ba ka zo ba, mutuminka yana nan inda ka bar shi har ka dawo.

Zamansu na ƙarshe su huɗu ya faɗo a damina, shekarar da aka rufe iyaka. Abbas ne ya ba ni labarinsa. Ja'e ya koro shanunsa yana gudun wata cuta da ta shigo garke-garke, ya iso Mashigin Kura.

"Ga ka bakin ruwa," in ji Bunyaminu. "Ruwan ja ne, yana tahe da itace. Danginka suna ƙetare. Biyu cikin shanunka na da ciki. Mi za ka yi?"

"Ya kai ina?"

"Wuyan saniya."

"Kai dai Kaɗo, ba ka taɓa nufin Bafillace da alheri ba," in ji Gidaɗo, yana kiransa da sunan da Fulani ke kiran Bahaushe.

"Tsunduma mana!" in ji Abbas. "In sun tahi mu tare su ƙasa mu sha romo."

"Tela, wanda jaki ya kashe ba ya ba da shawara a kan dabba." Gidaɗo ya daɗe yana kallon taswirar, yana shafa gemu. Can ya ce, "Wanga ba abin gaggawa ba ne. Bari in kwana da shi. Sai kasuwa mai zuwa."

A cikin satin ya tafi ganin mahaifinsa da ba shi da lafiya. A cikin satin kuma aka rufe iyaka. Kasuwa ta zo, Gidaɗo bai zo ba. Aka ji tsohon ya rasu, garke ya dawo hannunsa. Lambar wayarsa ta nan ta daina shiga.

Bunyaminu ya ce iyaka ce ta tsare shi. Haka yake faɗa wa duk wanda ya tambaya. Mu da muke zaune a bakinta mun san rufewar ba ta hana mai jaje zuwa jaje ba, ba ta hana amarya kai wa gidan miji ba. Akwai hanyar daji, akwai ta ruwa. Amma ba wanda ya ce masa haka. Daga baya an buɗe, zancen bai canza ba, sai dai ya rage yinsa.

Maganar wurin kuwa ta daɗe tana yawo a ƙasa-ƙasa. Mutum ya leƙa bayan shago ya ga manya huɗu sun sunkuya a kan takarda mai zane-zane, ga wuri, ga abu ana jefawa ana kallon yadda ya faɗi. A garinmu abu biyu kawai ake yi haka: caca ko duba. Ba a san na uku ba. Wata rana surukin Abbas ya kira shi gefe. Kasuwar da ta biyo, Abbas ya tari Bunyaminu tun a ƙofar shago, bai bar shi ya sauke jakarsa ba.

"Malam, an ce caca muke yi a nan."

"Ka taɓa ganin an ci wani ko an cinye?"

"Ni na sani. Mai kawo ɗinki ne bai sani ba."

Bunyaminu ya gyara jakarsa a kafaɗa. Sannan ya ce, "To mutuminka hwa? Ba a barin mutum a hanya."

Abbas ya yi 'yar dariya marar daɗi. "A yi mishi aure a Tungar Gishiri. Ya gaji da yawo."

Aka yi masa. Ba a jima ba aka yi wa Sufyan canjin makaranta, ya zo har gida ya yi sallama, ya ce nasa ya shiga jirgin ruwa ya bi fatake. Bunyaminu ya ɗauke wuri biyu daga taswira ya sa a gwangwanin madara. Saura ɗaya. Shi mai shi bai ce komai ba, don haka ba a taɓa shi. Bunyaminu ya kafe taswirar a kan wani faffaɗan katako a zaurensa, ya liƙa ƙwayar wurin da ƙaro a bakin Mashigin Kura don kada iska ko tsintsiya ta gusar da ita. Idan ya gama sai ya rufe da wani zanen Shafa'atu.

Bai daina ba. Kowace ranar kasuwa bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma huɗu, ya yaye zanen, ya jefa ƙwaya shi kaɗai. Yana jefa wa ruwan sama, yana jefa wa fari da fara, yana jefa wa haihuwa da mutuwa, ya rubuta a littafi kamar yadda yake rubuta na Kaoje kafin ya yi ritaya. Maƙerin nan mai ha'inci ya mutu, ɗansa ya gaje shi. Gobara ta ci rabin Birnin Hazo.

A nan ne abin ya zame masa matsala, kuma ita ce ya kwana da ita shekara da shekaru. Ƙasar da yake ƙauna ba ta tsayawa don wani. Da za ta tsaya, da ba ita ba ce. Damina ta wuce dole ruwa ya janye, saniya mai ciki dole ta haihu. Amma Ja'e ba nasa ba ne. Sai ya riƙa rubuta duk abin da ya faru kewaye da mutumin, ya bar mutumin. Ruwa ya janye, fatake sun ƙetare, mata sun zo wanki sun koma. Shanun sun haihu. Ruwa ya dawo. A ƙarshen kowane shafi sai ya sa layi ɗaya: Ja'e yana bakin mashigi.

Zama shi kaɗai ya ƙara wa zancen duba ƙarfi, tunda ba a caca da mutum ɗaya. Wata rana Jummai mai ƙosai ta yi sallama, ta shigo ta durƙusa. Ina zaune a dakalinsa a waje, ina ji.

"Malam, akuyata ce. Kwana uku ke nan. Ja, mai farin goshi."

"Allah ya bayyana ta, Jummai. Kin duba wajen masu dussa?"

"Na duba ko'ina. Shi ya sa na zo a duba mini."

"Ni ba na duba. Wanga wasa ne."

"To, a yi mini wasan."

"Ƙasar da ke kan takardar nan babu ita, Jummai. Ƙirƙira ce. Ba akuyarki a ciki."

Ta miƙa wuya ta kalli taswirar da kyau. "Ga kogi nan. Ga hanya. Wancan ba Kaoje ba ne?"

"Birnin Hazo ne."

"Ko ma mi kuke ce mishi. Wanga wurin da ke tsaye shi ɗaya hwa, na wa ne?"

Bunyaminu ya kalli ƙwayar wurin. "Na wani ne da ya yi tahiya."

"Ka gani! Shi ka tsare mishi nashi, ni ka ce babu." Ta tashi tana gyara mayafi. "Malam, rowar asiri ba kyau. Da marigayiya na nan da ta sa baki."

Akuyar ta dawo da kanta washegari. Jummai ta aiko masa da ƙosai, ta kuma gaya wa duk unguwa cewa aikinsa na ci, sai dai ba ya son a sani.

Sau ɗaya ya taɓa ce mini, "Baba, Mashigin Kura ba su da limami. Ko za ka riƙa masu?" Na ce idona ba ya ganin ƙananan rubutu yanzu. Ya ce haka ne. Wasan ba ya bukatar mai zama ya karanta komai, ya sani, na sani. Bai sake tambaya ba.

Mashkura ta so ya koma wajenta Birnin Kebbi. Ya ce katakon ba zai shiga mota ba.

Bara da rani, ranar kasuwa, ina zaune a bencin Abbas yana yi mini facin aljihu, wani mutum ya tsaya da yadi a hannu, yana son riguna uku na bikin ɗansa. Gemunsa ya yi fari, ya rame, fuskarsa ta sha rana. Sai da ya yi magana Abbas ya ɗago da sauri. Gidaɗo ne. Ba a gama gaisawa ba sai ga Bunyaminu ya biyo ta layin, da ledar tattasai a hannu. Yakan bi ta nan kowace kasuwa, ko da ba abin da zai saya a wajen.

Suka gaisa gaisuwa mai tsawo. Gida, iyali, shanu, hanya, haƙurin rashin tsoho, haƙurin rashin Shafa'atu da Gidaɗo bai ji ba sai a ranar. Gaisuwa ta ƙare. Abbas ya sunkuya a kan kekensa.

"Ja'e na gaishe ka," in ji Bunyaminu.

"Wane Ja'e? Na wajen su Ango?"

"Naka. Na mashigi."

Gidaɗo ya yi tsai, sannan ya fashe da dariya har ya dafa ƙofar shago. Da ya ɗago ya ga fuskar Bunyaminu, dariyar ta tsaya a hanya.

"Kaɗo. Har yanzu?"

"Ba ka ce ya motsa ba."

"Shekara nawa ke nan?"

"Damina shida."

Gidaɗo ya ajiye yadin a kan benci. "Shanun hwa?"

"Goma sha ɗaya. Kura ta ci maraƙi ɗaya. Baƙar ta mutu, tsuhwa."

"Mai karyayyen ƙahon?"

"Ita."

"Allah sarki. Ita ce mai jan garken." Ya kalli Bunyaminu. "Wa ke tatsarsu duk wanga lokaci?"

"Ban sani ba. Wannan kai za ka hwaɗa."

Keken Abbas ya daina ƙara. Gidaɗo ya tambaya ruwa ya kai ina yanzu. Bunyaminu ya ce rani ne, bai rufe idon sawu ba, ko ɗan akuya ƙetarewa yake yi. Ya ƙara da cewa gida ba nisa, tabarma tana nan, ko zama ɗaya ne. Ya faɗi haka yana kallon ledar tattasansa.

Gidaɗo ya waiga wajen bakin hanya, inda mai babur ɗin da ya kawo shi yake jira. Ya daɗe bai juyo ba.

"Bunyaminu," ya ce, kuma ban taɓa jin ya kira shi da sunansa ba sai ranar, "makiyayin da ya yi damina shida waje ɗaya, shanunshi suka ƙaru, ai ya samu gida. Mi zai je nema ƙetare? Waɗanda ya bari can kowa ya kama gabanshi. Ya kahwa bukka. Ka rubuta haka nan."

"Maganarka ke nan?"

"Ita ce."

Bunyaminu ya gyaɗa kai a hankali. "Sai an jehwa. A ga ko mutanen garin sun yarda baƙo ya zauna."

"To ka jehwa mini in ka koma."

"Ba a jehwa wa mutum."

Bunyaminu ya sa hannu a aljihu ya fito da babbar ƙwayar, mai fuska ashirin. Lambobinta sun kusa gogewa. Ashe tana aljihunsa duk ranar kasuwa. Gidaɗo ya kalli dama da hagu, kasuwa cike da idanu. Abbas ya tashi ya ɗauki yadin bikin ya warware shi a tsaye kamar mai duba tsawonsa, ya tare ƙofa. A bayan yadin, a kan teburin yanka, Gidaɗo ya jefa.

"Sha huɗu," in ji Abbas ta gefen ido.

"Sun yarda," in ji Bunyaminu.

"Madalla. A ce masu na gode." Gidaɗo ya miƙa masa ƙwayar. Suka yi musabaha, kowa ya kai hannu ƙirji. Gidaɗo ya ce wani zai zo karɓar rigunan. Babur ya tashi.

Da la'asar na leƙa zauren. Na tarar ya fere fensir, yana zana 'yar bukka a bakin kogi, da shinge kewaye. Ya rubuta Rugar Ja'e a ƙarƙashi da ƙananan baƙaƙe. Sannan ya sa bakin wuƙa ya ɓanɓare ƙwayar wurin a hankali. Inda ta tashi takardar ta fi ko'ina fari. Ya ce mini mutum in ya zauna ya zama ɗan gari, shi ke nan ya shiga hannun mai riƙon ƙasa, kamar maƙeri da mai jirgi. Ya buɗe gwangwanin madara ya sa ta wajen 'yan'uwanta biyu.

Kasuwar da ta biyo bai bi ta layin teloli ba. Bayan la'asar na ga tabarma ɗaya ya shimfiɗa. Na yi sallama daga ƙofa, na tambayi gajiya. Ya ce an yi yayyafin farko a Rugar Ja'e, kuma jar saniyar ta haihu, mace.

Na ce Allah ya raya. Ya ce amin.